Maganin Mutum Ɗaya, Jirgin Mutum Biyu

Mun tashi daga Sakkwato ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da abokina mai motar, da ƙanwata wadda take aikin jinya. Magani muka ɗauka za mu kai wa Kawu, yayan mahaifiyarmu, wanda yake sana'ar su a wata tunga can bakin tafkin Kainji, gaba da Wara. Ƙanwata ta rungume jakar maganin a cinya, ta ƙi yarda a sa ta a bayan mota, wai zafi zai taɓa shi. Mai motar ya ce ko jariri aka ɗauko iyakar gatan ke nan. Ba ta ko kalle shi ba, ni ma ban yi dariya ba.

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san zancen ba. Da bazarar da ta wuce Kawu yana cikin jan taru ƙirjinsa ya riƙe, ya ce ji ya yi kamar an ɗora masa turmi. Asibitin kusa suka tura mu gaba, na gaba ma suka sake turawa, har muka dangana da wani babban asibiti a birni mai nisa, inda ake aikin zuciya. Suka ce wata jijiya mai kai wa zuciyar jini ce ta toshe. Ni na ɗauka tsaga ƙirji za a yi, har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyarmu. Ashe ta wuyan hannu za su bi. Wani siririn bututu suka zura a jijiyar hannunsa, suka yi ta tura shi a hankali har ya isa zuciya, suka buɗa wurin da ya toshe, suka bar ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare shi. Duk wannan Kawu idonsa biyu, har yana tambayar likita ko yana cin kifi.

Bayan an gama likitan ya kira ni ya nuna mini hoton aikin. Ga zuciyar Kawu tana bugawa a allo, ga wani baƙin ruwa da suka tura yana bin jijiyoyi reshe-reshe, sai ya zo wani wuri ya tsaya cak. Sannan ya nuna mini na bayan aiki: ruwan ya zo wurin nan ya wuce abinsa, jijiyoyin da ba a gani ɗazu duk suka bayyana. Na daɗe ina jin ana cewa Allah ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, amma ranar na ga abin da idona, na rasa abin faɗa sai tasbihi.

Sai dai aikin yana da sharaɗi. Likitan ya ce ƙarfen nan baƙo ne a jiki, jini yana son ya daskare a kansa, saboda haka dole Kawu ya riƙa shan maganin tsinka jini iri biyu kullum, ba fashi. Ya ce fashin 'yan kwanaki kawai na iya sa gudan jini ya sake toshe wurin, kuma irin wannan toshewar ba ta yin sallama. Asibitin kuwa suna wani bincike a kan tsawon lokacin da ya kamata mutum ya sha biyun kafin a rage masa zuwa ɗaya, domin in an daɗe ana sha akwai tsoron zubar jini, in an yi saurin dainawa akwai tsoron toshewa. An yi wa Kawu bayani da Hausa, ya ce in dai wani zai amfana a bayansa to a sa shi. Su suke ba shi maganin da zai kai shi lokacin komawa, suna kuma kiran waya su ji lafiyarsa.

To, wayar Kawu ta faɗa ruwa. Ma'aikaciyar binciken ta yi ta kira ba ta samu ba, ta dawo kaina. Ana cikin haka sai matarsa, Inna Kulu, ta aiko wani mai sarin kifi da saƙo: ta duba inda yake ajiye maganin ta tarar ya ƙare ƙaf, kuma ba ta san tun yaushe ba. Lokacin komawa asibiti kuwa da sauran tafiya, da kaɗan aka wuce rabi. Ƙanwata ta ce ko dai Kawu yana ninkawa, jininsa ya tsinke fiye da kima, ko kuma yana zaune ba magani, duk wanda aka ɗauka a ciki ba daɗi. Likita ya faɗa mana abin da za mu nema, muka nema, muka kama hanya.

Hanyar Jega ba laifi. A can muka karya da ƙosai da kunu, mai motar ya ƙara da waina, ya ce tuƙi da yunwa haramun ne a mazhabarsa. Daga nan zuwa Koko sai manyan motoci, wasu sun yi lodin buhuna har sun karkace, mutane kuma a zaune a sama suna hira kamar a zaure. Inda titi ya yi kyau a yi gudu, inda ya farfashe a bi a hankali, ga shingayen jami'an tsaro jefi-jefi. Wani ya leƙo ya tambayi abin da ke jakar, ƙanwata ta ce maganin zuciya ne na tsoho. Ya ce mu wuce, Allah ya ba shi lafiya, nasa uban ma hawan jini ke damunsa.

Da muka shiga ƙasar Shanga sai ƙasa ta sauya. Kaka ce, gero an ɗaure dammuna an jingine, fadamu kuwa shinkafa ce iyakar ganin ido, wata an yanke, wata tana jiran lauje. Mata sun shanya ta a gefen kwalta, direba ya riƙa kaucewa yana mita, wai titin gwamnati ya zama tabarmar kowa. Na ce masa shinkafar da zai ci anjima ce.

Mun isa Yelwa rana ta take. Wanda bai taɓa zuwa Yauri ba, hancinsa zai riga idonsa sanin ya iso, domin ƙamshin kifin banda ne zai tarbe shi tun daga bakin kasuwa. Muka yi sallah, muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a wata rumfa. Yankan giwan ruwan da aka sa mini, a Sakkwato sai mai albashi ya yi shawara da aljihunsa kafin ya taya, nan kuwa mai tuwon har tana ba ni haƙuri wai kifi ya yi tsada bana. Na so in tsaya in kalli gulbi da jiragen da ke sauke kaya, ƙanwata ta buga mini jakar maganin a kafaɗa, na tuna abin da ya kawo mu.

Da muka zo wucewa ta Birnin Yauri kowa ya tuna 'yan makarantar garin da 'yan bindiga suka sace, muka yi addu'a. Gaba kaɗan muka saki babban titi muka kama hanyar Ngaski da Wara. A nan na fara ganin matan Kambari ɗauke da kaya a kafaɗa maimakon a ka, ƙwarya ko damin itace, suna tafiya da sauri ba sa ko waiwaye. Hanyar ta gwada haƙurin motar, ta gwada na mai ita, har ya rantse daga yau ba zai sake abota da jikan Sarkawa masunta ba.

A Wara muka bar motar a gidan wani sananne, muka gangara bakin ruwa. Ni dai in faɗi gaskiya, uwata Basarkiya ce, amma ruwan da ya wuce gwiwa ba ni da hulɗa da shi. Da na nemi rigar ruwa, mai jirgin ya miƙo mini yana murmushi, da ya ji ko ni ɗan ƙanwar wane ne kuwa sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗaure abata tamau. Kuɗin jirgi ya ninka yadda na san shi, ya ce mu tambayi masu gidan mai.

Da injin ya tashi muka rabu da gaɓa, sai tsoron ya koma wani abu daban. Na san gulbi tun ina yaro, amma ban taɓa shiga tsakiyar tafkin yana cike ba. Ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, can gaba kuma ba ka iya raba shi da sama. Ga kawunan matattun itatuwa sun leƙo jefi-jefi, farfarun tsuntsaye a kansu. Mai jirgin ya nuna ƙasa da haɓa ya ce akwai garuruwa a ƙarƙashinmu, da masallatansu da maƙabartunsu, tun lokacin da aka datse gulbi aka tashi mutane. Ya ce kakarsa har ta rasu, in an zo daidai wani wuri sai ta yi sallama. Na dubi ruwan na daɗe. Mutum ya tare gulbi guda ya mai da shi teku, mutum ɗin nan kuma gudan jinin da bai kai ƙwayar dawa ba ya isa ya kwantar da shi. Na ji kaina ƙarami ƙwarai.

Tungar da na sani ba mu same ta ba, ruwa ya cinye wurin. Haka masunta suke, in ruwa ya taso su ja bukkokinsu sama, in ya janye su bi shi. Mai jirgin bai ko yi tambaya ba, ya karkata ya bi ta cikin wasu ciyayi, sai ga hayaƙin banda, sai ga Inna Kulu tsaye tana kare rana da hannu. Kafin mu gama gaisawa ƙanwata ta tambayi inda Kawu yake kwance. Inna Kulu ta ce wane irin kwance, ai yana kan ruwa tun safe. Ƙanwata ta zauna a kan wani kifaffen jirgi ta dafe kai.

La'asar sakaliya suka ɓullo. Kawu ne tsaye a gaban jirgi da birgi a kafaɗa, wato ragar nan da ake wurgawa, wani tsoho kuma a baya yana tuƙi da filafili. Kafin su iso Kawu ya juya jiki ya wurga, ragar ta buɗe ta sauka a ruwa. Mutumin da na ɗauka a hannu bazarar nan, wanda ba ya iya gama Fatiha sai ya huta. Na ji daɗi da tsoro a lokaci guda, domin na san abin da ke cikin ƙirjin nan, na kuma san ba abin da ke tsaronsa yanzu.

Tsohon na baya shi ne Baba Manu, abokin jirgin Kawu tun suna samari. Da suka jawo jirgin na tsaya kallon yadda suke rabo. A tabarma aka zube kifin, Kawu ya kasa kashi biyu, Baba Manu ya juya baya ya zaɓa ba tare da ya duba ba. Tarwaɗa ɗaya ta yi saura, babba, aka sa wuƙa aka raba ta tsaye tun daga kai har wutsiya. Inna Kulu ta ce haka suke, ko goro ɗaya aka ba ɗayansu sai ya ajiye wa ɗan uwansa ɓari. Na lura Baba Manu yana ɗingishi, ƙafarsa ɗaure da tsumma, fuskarsa kuma ta yi fari-fari, amma hankalina yana kan Kawu.

Ƙanwata ba ta bar shi ya ko wanke hannu ba. Ta gwada jininsa, ta duba idonsa da dasashinsa, ta tambaye shi yaushe rabonsa da magani. Ya ce an kwana biyu. Ta matsa, ya ce ya fi mako. Ta tambayi yadda aka yi ya ƙare, ya ce magani ai ƙarewa yake yi, ya shiga tambayar lafiyar mahaifiyarmu. Wuri ɗaya ne waya ke kamawa a tungar, kan wani tsohon suri, can ƙanwata ta hau ta kira likita. Ya faɗa mata yadda za a koma kan maganin, ya ce kada Kawu ya sake jan komai mai nauyi, a kawo shi da gaggawa. A gabanmu ya haɗiye na ranar. Muka ci tuwo da miyar tarwaɗar nan, rabin da ya zo gidan Kawu, muka kwanta da wuri, sauro ya karɓi baƙuncinmu.

Da gari ya waye Kawu ya ce tunda an hana shi fita, bari ya je bakin ruwa ya sallami Manu. Na bi bayansa don in ga fitowar rana a kan tafkin, wadda kuwa ta cancanci a gani. Ina tsaye nesa kaɗan na ga ya ciro sabon maganin daga aljihu, ya ɓallo nasa ya jefa a baki, ya sake ɓallo wani ya sa a tafin Baba Manu. Shi kuma ya karɓa ya kai hannu baki. Yadda suka yi abin ba magana, ba kallon juna, na gane ba yau suka fara ba. Na ƙwala wa ƙanwata kira.

Ta zo da gudu, da ta ji abin da na gani sai ta durƙusa gaban Kawu ta tambaye shi dalili.

Ya ce, “Ɗiyata, tun muna samari ni ag gaba, shi ab baya. Ko kurungu guda munka kama, rabawa mukai. Ƙirjinai na ciwo irin nawa, ya ƙi zuwa asibiti. In sha magani shina kallona?”

Ta ce, “Kawu, wanga ba kihi ba na. In anka raba shi, ku biyu duka za ya kashe.”

Ta yi musu bayani a tsanake, ba faɗa, abin da ban san ta iya ba. Ta ce maganin an auna shi ne don ƙarfen da ke zuciyar Kawu, ranar da babu shi a jini ƙarfen yana iya toshewa. Wanda ba a rubuta wa ba kuma, yana iya tsinka masa jini ya yi ta zuba a ciki bai sani ba. Ciwon ƙirji kuwa iri-iri ne, ba duka ne na zuciya ba.

Baba Manu ya saurare ta har ta gama. Sannan ya juya ya dubi Kawu.

“Ce min kay yi likita ya ba ka da yawa. Da kab bar ba ni kwanakin ga, ba naka kaka sha cikin ɗaki ba?”

Kawu ya dubi ruwa.

Baba Manu ya gane. Sai ya cire hularsa, ya zura yatsa a cikin naɗin, ya ciro wani ɗan ƙullin leda ya kwance. Ƙwayoyin maganin ne, da yawa, zufa da laima sun kumbura su, wasu sun marmashe. Ya buɗe hannun da ya kai baki ɗazu, na yau ma yana nan. Ya ce da farko yana sha. Ranar da ƙayar kurungu ta soke shi a ƙafa, jini ya yi ta zuba tun hantsi har yamma, an sa toka an sa ganye bai tsaya ba, abin da bai taɓa gani ba duk tsawon zamansa a ruwa. Daga nan ya zargi maganin ya daina haɗiyewa. Amma ba a mai da hannun kyauta baya, balle kyautar da mutum ya yi maka don yana tsoron rasa ka. Sai ya riƙa karɓa yana ɓoyewa.

Ya ce, “Ashe kana gabana ba magani, maganinka na bisa kaina.”

Ya zauna a bakin jirgin ya rufe fuska da hular. Ni ma na juya baya, domin hawaye sun zo mini kuma ban so mai motar ya gani ya samu abin tsokana. Da na waiga shi ma yana share nasa. Jirgin nan bai fi a miƙa hannu daga gaba a taɓo na baya ba. A cikinsa suka yi ta wuni tare, ɗaya ya hana kansa don ɗaya, ɗayan ya ɓoye don kada ya ɓata wa ɗan uwansa rai, kowanne yana ganin kara yake yi.

Ƙanwata ta karɓi ƙullin ta ce ya lalace, ba mai sha. Ta ja Baba Manu gefe ta yi masa tambayoyin da ba a yi a gaban mutane, ta dawo ta ce mini alamu sun nuna yana zubar da jini ta ciki, shi ma ba za a bar shi ba. Nan aka sha daga. Ya ce shi ba mai zura masa waya a jiki, gara ya mutu inda ya san alƙibla. Mun yi lallashi, mun kawo aya, Inna Kulu ta yi nata, bai motsa ba. Kawu ne ya kashe maganar. Ya ajiye maganin a kan tabarma ya ce in Manu bai shiga mota ba, shi ma ya sha na ƙarshe. Ƙanwata ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Sannan Kawu ya naɗe hannun riga ya miƙa wa abokinsa wuyan hannu, ya ce ya nemo inda aka shiga. Baba Manu ya kama hannun ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya shafa da babban yatsa. Da ƙyar ya gano ɗan tabon. Ya ce kaifin ƙugiya ma ya fi wannan ɓarna, a ba shi lokaci ya sa rigar kirki.

Dawowa mu biyar ne a motar, da kwandon banda da Inna Kulu ta rantse sai mun tafi da shi. Har yau motar abokina warin kifi take yi, ya ce zai kai ni ƙara wurin mahaifiyarmu. Baba Manu bai taɓa wuce Yelwa ba. Tun daga Koko yake kallon taga yana mamakin yadda mutane ke zaune nesa da ruwa haka, ya tambaye ni ko laifi suka yi aka kore su. Ni kuwa duk ramin da muka faɗa sai na waiga in dubi fuskar Kawu. Mun shiga Sakkwato da sauran haske, kai tsaye muka wuce asibiti.

Ciwon Baba Manu ashe gyambon ciki ne, ba zuciya ba, jininsa ya yi ƙasa sosai har sai da aka ƙara masa. Likitan da ya duba shi ya ce da ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyin nan, da wani labarin ake yi. Shi Kawu ba a jira ba, washegari muka wuce da shi babban asibitin. A hanya ya roƙe ni kada in faɗi zancen rabon, a ce maganin ruwa ya faɗa. Na ce masa shi ya ce a sa shi a binciken don na baya su amfana, in aka rubuta ƙarya na bayan za a cuta. Da muka shiga kuwa da bakinsa ya faɗa. Ma'aikaciyar ba ta yi masa faɗa ba, ta rubuta yadda abin ya faru, ta gode masa. Aka yi gwaje-gwaje, muka zauna jira, ban san na iya addu'a haka ba sai ranar. Da likita ya fito ya ce hanyar tana nan a buɗe, sai na yi ta hamdala.

Yanzu na dawo gida, su ma sun koma tungarsu, kowa da nasa maganin, na Kawu daban, na Baba Manu daban. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Na je ina mamakin masu bin jijiyar hannu su gyara zuciya, har gobe kuma ina mamakinsu. Sai dai na gane aikinsu rabi ne, sauran rabin yana can inda mara lafiya zai koma, a hannun mutanen da yake ci da su. Mu duka, da ni da ƙanwata, mun ja wa Kawu kunne kada ya yi fashi, ba wanda ya tuna ya tambaye shi da wa yake raba abin da ya samu. Wanda duk yake da tsoho mai shan irin wannan magani, ya yi masa wannan tambayar, ya kuma zaunar da abokin ya yi masa bayani shi ma.

Kafin su tafi na saya wa Kawu sabuwar waya, na ce zan riƙa kira kowace safiya in tuna masa. Baba Manu ya karɓe ta ya sa a aljihunsa, ya ce ni ina Sakkwato, shi kuwa ƙeyar mutumin nan yake kallo tun kafin a haife ni. Yau da safe na kira, ta daɗe tana ƙara, na san sai ya hau surin nan da ƙafarsa mai ciwo. Da ya ɗauka bai tsaya gaisuwa ba.

Ya ce, “Ya sha. Gabana yas sha, na sa ya buɗe baki na duba.”